Harajin da birnin Toronto ke karɓa a hannun baƙi masu sayen gida: tambayoyi da amsoshi

Mutanenmu da ke zaune a Kanada, da waɗanda ke waje suna tunanin zuba kuɗinsu a gida a can, suna yawan tambaya kan wannan harajin, kuma abin da ya fi damuna shi ne da yawa ba sa jin labarinsa sai bayan sun sa hannu a takardar ciniki sun ba da kafin alƙalami, lokacin da janyewa ta riga ta zama asara. Shi ya sa na tattaro tambayoyin wuri ɗaya. Duk kuɗin da na ambata a nan dalar Kanada ce.

Wai wane haraji ne wannan ɗin?

Haraji ne da majalisar birnin Toronto ta amince da shi a 2024, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025. A takarda za ka ga an rubuta shi MNRST. Abin da yake nufi a taƙaice, in kai baƙo ne a idon doka ka sayi gidan zama a cikin birnin Toronto, za ka biya wa birnin kashi 10 cikin 100 na kuɗin gidan. Ba na ribar da za ka ci nan gaba ba, na kuɗin gidan gaba ɗaya. Gidan dala 800,000 harajinsa 80,000 kenan, kuma sau ɗaya ake biya, ranar da aka mayar da gidan sunanka.

To shi kaɗai ne zan biya?

Ina! Ai da da sauƙi. Shi wannan na birni hawa ya yi a kan wani da ya riga shi, wato na lardin Ontariyo, wanda Toronto ke cikinsa, mai suna NRST. Lardin ya fara nasa a Afrilun 2017 da kashi 15, kuma lokacin Toronto da garuruwan da ke kewaye da ita kawai ya shafa. A Maris na 2022 aka ɗaga shi zuwa kashi 20 aka kuma baza shi duk faɗin lardin, sai a Oktoban wannan shekarar dai aka sake ɗaga shi zuwa 25. To ka haɗa 25 na lardi da 10 na birni, kashi 35 kenan.

Ba a gama ba fa. Akwai harajin canja sunan mai gida da kowa ke biya, ɗan ƙasa da baƙo, kuma a Toronto sau biyu ake biyansa, ɗaya na lardi ɗaya na birni. Shi hawa-hawa ake lissafa shi, rabin kashi ɗaya a kan dala 55,000 na farko, kashi 1 har zuwa 250,000, ɗaya da rabi har zuwa 400,000, kashi 2 daga nan har miliyan 2, in gidan ya wuce haka kason ya ƙara hawa.

Bari mu ɗauki gidan miliyan 1 cif mu gani. Harajin canja suna na lardi 16,475, na birni shi ma 16,475. Na baƙi na lardi 250,000, na baƙi na birni 100,000. In ka tara ya kama 382,950. Maƙwabcinka ɗan ƙasa da ya sayi irin gidan a rana ɗaya da kai 32,950 kawai zai biya, in ma gidansa na farko ne a rage masa wani abu. Tazarar da ke tsakaninku 350,000 ce, kuma wannan kafin kuɗin lauya da sauran ƙananan abubuwa.

Wa ake kira baƙo a wannan maganar?

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, don Allah a karanta a hankali. Ba a duba inda kake kwana, takardarka ake dubawa. In kai ɗan ƙasar Kanada ne ko kana da takardar zama ta dindindin, wadda kowa ke kira PR, harajin bai shafe ka ba ko da shekara ashirin ka yi a Dubai ba ka leƙo ba. In kuwa ba ka da ɗaya daga cikin biyun nan, to kai baƙo ne ko da kullum a jirgin ƙasan Toronto kake zuwa aiki, ana cire maka haraji a albashi duk wata, 'ya'yanka na makarantar unguwa. Ɗalibi baƙo ne, mai takardar izinin aiki baƙo ne, mai bizar ziyara ba a ma magana.

Ni wannan shi ne abin da na kasa haɗiyewa a tsarin. An ce an yi shi ne don masu kuɗin waje da ke saye su kulle gida suna jiran ya yi tsada, amma ma'aunin da aka yi amfani da shi yana kama nas ɗin da ke aikin dare a asibiti tana jiran takardarta ta fito, ya kuma ƙyale mai fasfon Kanada da ke zaune a wata ƙasa yana da kondo uku a tsakiyar gari (kondo shi ne gida a cikin babban bene da ake sayar wa kowa nasa).

Na ji an ce ma an hana baƙi sayen gida a Kanada kwata-kwata. In haka ne wa zai biya harajin?

Gaskiya ne akwai haramci, amma na gwamnatin tarayya ne, daban yake da harajin. Dokar ta fara aiki 1 ga Janairun 2023, da farko shekara biyu aka ɗiba mata, sai a Fabrairun 2024 aka tsawaita ta zuwa 1 ga Janairun 2027. Ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba mai PR ba sayen gidan zama a birane da manyan garuruwa. Wanda ya karya ana iya cin tararsa har dala 10,000, haka ma duk wanda ya taimaka masa da saninsa, kuma kotu na iya ba da umarnin a sayar da gidan, in an sayar ba za a ba shi fiye da abin da ya saya ba.

Sai dai dokar ta bar ƙofofi. Mai takardar izinin aiki da ta rage masa aƙalla kwana 183 zai iya sayen gida ɗaya. Wanda aka ba mafaka zai iya. Ɗalibi ma zai iya amma sharuɗɗan nasa masu tsauri ne, sai ya shekara biyar yana cike takardun haraji yana kuma zaune a ƙasar mafi yawan kowace shekara, sannan gidan kar ya wuce dala 500,000, wanda a Toronto sai dai ƙaramin kondo. Kuma haramcin bai shafi ginin da ke da gidaje huɗu zuwa sama a cikinsa ba. To waɗanda suka wuce ta waɗannan ƙofofin su ne harajin ke jira a ɗaya ɓangaren. Tarayya ta ce maka bismillah kana iya saye, lardi da birni su ce to kawo kashi 35. Kar ka taɓa ɗauka izinin saye yana nufin an yafe maka haraji, hukumomi uku ne kowa da dokarsa.

Shekara uku ina aiki a Toronto da takardar izini, kuma na riga na nemi PR. Ni ma sai na biya?

E, sai ka biya, matuƙar ranar da za a rufe cinikin, wato a mayar da gidan sunanka, PR ɗin bai fito ba. Neman da ka shigar ba ya ƙirguwa, saƙon da aka turo maka cewa ana duba fayil ɗinka shi ma ba ya ƙirguwa.

Akwai dai mutum uku da aka ware. Na farko wanda lardin Ontariyo da kansa ya zaɓa a ƙarƙashin shirinsa na zaɓen baƙi masu sana'a, OINP, yana riƙe da takardar zaɓen. Na biyu wanda aka tabbatar masa da mafaka. Na uku wanda ya saya tare da matarsa ko mijinta da ke ɗan ƙasa, ko mai PR, ko ɗaya daga cikin biyun can. Dukkansu da sharaɗin a gidan za su zauna, ba haya za su bayar ba. Birnin Toronto ya bi sawun lardi a waɗannan keɓe-keɓen. Lura fa, zaɓen Ontariyo aka ce, in wani lardin ne ya zaɓe ka ka zo Toronto saye, wannan takardar ba za ta fisshe ka ba.

A da akwai rangwame na musamman ga ɗalibai da ma'aikata 'yan waje, suna biya daga baya a mayar musu in sun cika wasu shekaru suna karatu ko aiki a lardin. An soke wannan a Maris na 2022. Har yanzu za ka ji wani yana ba da labarin abokinsa da aka mayar wa kuɗi ta wannan hanyar, labarin gaskiya ne amma na da ne.

In na biya daga baya PR ɗina ya fito, za a dawo min da kuɗina?

Za a iya, kuma wannan ita ce hanya mafi muhimmanci ga yawancin masu tambaya. In ka samu PR cikin shekara 4 daga ranar da ka sayi gidan kana da damar neman a mayar maka da harajin baƙin, na lardi a wurin lardi, na birni a wurin birni. Amma akwai sharuɗɗa kuma ba a sassauta su. Gidan ya kasance da sunanka kai kaɗai ko kai da matarka kawai. Ka tare a cikinsa cikin kwana 60 da saye, ka ci gaba da zama a ciki a matsayin ainihin gidanka har ranar da ka nemi kuɗin. Sannan akwai wa'adin shigar da takardar nema bayan PR ɗin ya fito, watanni kaɗan ne, kuma ranar da takardar ta fito mutum na cikin murna da kiran 'yan'uwa a waya, ba ya tuna wani wa'adi. Ka sa lauyanka ya rubuta maka ranar ƙarshe tun ranar saye.

Ka ajiye duk wata shaidar zama, takardar kuɗin wuta, lasisin tuƙi mai adireshin gidan, takardun banki, inshora. In aiki ya kai ka wani gari ka saka ɗan haya a gidan na shekara guda kafin PR ya fito, kana iya rasa kuɗin gaba ɗaya. Kuma ka tambayi kanka tsakani da Allah, shin ka tabbata cikin shekara 4 takardar za ta fito? Tsarin shige da fice na Kanada yana canzawa, a 2024 ma gwamnati ta rage adadin mutanen da za ta riƙa bai wa PR a shekara. Wanda ya ajiye 280,000 a hannun hukuma a kan gidan 800,000 yana jiran abin da ba shi ke da iko da shi ba, ya san ya ɗauki kasada babba.

Matata 'yar ƙasa ce ni kuma ba ni da PR tukuna, ya za mu yi?

Ku kuna cikin waɗanda aka ware, in dai tare kuka saya kuma a ciki za ku zauna. Abin kiyayewa kawai kar a ƙara sunan wani baƙo na uku a takardar gidan.

Banki ya ce albashina bai kai ba sai an ƙara sunan mahaifina, shi kuma ba ya Kanada. Kashi 1 kawai za a rubuta masa, ai ba komai ko?

Akwai komai, wallahi akwai. A Ontariyo in mutum ɗaya daga cikin masu sayen baƙo ne, harajin a kan kuɗin gidan gaba ɗaya ake lissafa shi, ba a kan kason baƙon ba. Kana da PR, ka riƙe kashi 99, Baba ya riƙe kashi 1 don kawai banki ya yarda, to gidan miliyan 1 ya jawo 350,000, kuma dukkanku ake bi, hukuma na iya tambayar kowane a cikinku kuɗin duka. Wannan ya fi kowane tarko kama mutanen kirki, domin niyyarsu taimakon juna ce kawai, ba wanda ya yi tunanin wayo. A lardin British Columbia ba haka ba ne, can kason baƙon kaɗai ake yi wa haraji, shi ya sa in wanda ke Vancouver ya ba ka shawara ka tuna dokarsu daban.

In iyaye na son taimakawa, a yi maganar da lauya da banki tun wuri a ga hanyar da sunansu ba zai hau takardar mallaka ba, misali su ba da kuɗin kyauta ta gaskiya da takardar shaida cewa kyauta ce ba bashi ba kuma ba su da haƙƙi a gidan.

To in na turo wa ƙanena kuɗi ya saya da sunansa fa, tunda shi ɗan ƙasa ne?

Masu rubuta dokar sun riga ka tunanin wannan. Ɗan ƙasa da ya riƙe gida amana a madadin baƙo shi ma harajin ya hau kansa, kamar baƙon ne ya saya. Ranar rufe ciniki akwai bayanan da ake shigarwa kan ko waye ainihin mai gidan, in ƙanenka ya ce nasa ne alhali naka ne ya yi wa hukuma ƙarya, in aka gano akwai harajin, akwai kuɗin ruwa a kai, akwai tara, ga kuma waccan dokar tarayya da ke hukunta mai taimakawa. Ka jefa shi cikin abin da zai iya ɓata masa suna a ƙasar da yake zaune da iyalinsa.

Ɗaya ɓangaren kuma, in kuka ɓoye sosai har ba wata takarda da ke nuna naka ne, to a idon doka nasa ne da gaske. Ya rasu gidan ya shiga gadonsa, aurensa ya mutu gidan ya shiga lissafin rabon dukiya da matarsa, bashi ya kama shi masu bin bashi su zo kan gidan. Zumunci da yawa ya lalace a kan irin wannan, ba don wani mugu ba ne, don dai abin da aka ƙulla a baki ba ya tsayawa a kotu. Ban ba kowa shawarar wannan hanyar ba.

Kamfani fa? In na yi rajistar kamfani a Kanada na saya da sunansa?

Ba ya fisshe ka. Kamfanin da aka yi wa rajista a waje baƙo ne, wanda aka yi wa rajista a Kanada amma baƙo ke juya shi shi ma baƙo ne. Kuma kamfani ba ya samun PR, don haka maganar a dawo da kuɗi ma babu ita.

Kowane irin gini ne harajin ya shafa?

A'a. Filin da ke ɗauke da gidan zama ɗaya zuwa shida ake nufi, wato gida mai zaman kansa, gidajen da ke manne da juna, kondo, gida mai sama da ƙasa da aka raba wa iyali biyu ko uku, har zuwa shida. Babban ginin haya mai gidaje sama da shida, shaguna, ofisoshi, masana'anta da gonaki ba sa ciki. Kondo kuwa kowane ɗaya gida guda ne, ko da benen hawa hamsin ne.

In na saya a Mississauga ko Brampton fa?

Kashi 10 na birni ya faɗi, haka ma harajin canja suna na birni, domin su waɗannan, duk da suna dab da Toronto, garuruwa ne masu zaman kansu kuma ba su da irin wannan harajin. Amma kashi 25 na lardi yana nan, yana bin ka har Ottawa da Hamilton da Windsor da ko'ina a Ontariyo.

Ka san iyakar birnin da kyau. Scarborough, North York da Etobicoke duk cikin Toronto suke tun haɗewar 1998, ko da a adireshi an rubuta sunan unguwar. Daga arewa titin Steeles ne iyaka. Ka tsaya a bakinsa, gidajen da ke hannun kudu na Toronto ne, waɗanda ke tsallaken titi na Markham ko Vaughan ne, bas ɗaya ke ɗaukar mutanen ɓangarorin biyu, amma baƙon da ya sayi gidan miliyan 1 a kudu ya fi wanda ya saya a arewa biyan 116,475.

Yaushe ake biya, kuma banki zai haɗa min shi cikin bashin gidan?

Ranar rufe ciniki ake biya, ta hannun lauyanka, shi ke shigar da canjin suna ta kwamfuta kuma sai da harajin rajistar ke wucewa. 'Yan kwanaki kafin ranar zai turo maka takarda mai layi-layi, kuɗin gida, abin da ka riga ka bayar, abin da banki zai kawo, sai haraji kowane a layinsa, a can ƙasa kuma adadin da za ka kawo masa da takardar banki. Nan ne wasu ke fara ganin lambar.

Banki a kan darajar gidan yake ba da bashi, haraji kuma ba ya ƙara wa gida daraja, don haka ka ɗauka daga aljihunka zai fito, ƙari a kan kason farko da bankin ya nema. In ranar ta zo ba ka da shi cinikin ya rushe, kafin alƙalaminka na iya tafiya, mai gidan kuma na iya kai ka kotu in ya sayar wa wani a ƙasa da farashinku. Kuma ko bashin banki ne, ko tsarin da ba ruwa, ko kuɗi hannu ka biya, harajin ɗaya ne.

Masu sayen kondon da ba a gama ginawa ba su ƙara kula, domin tsakanin sa hannu da karɓar takardar mallaka ana iya shekaru, kuma a cikin shekarun nan doka na iya canzawa, matsayinka ma na iya canzawa.

Me ya ba birni ikon saka irin wannan harajin, ba aikin gwamnatin sama ba ne?

A Kanada birane ba su da ikon kansu sai abin da lardi ya ba su. Toronto ta samu nata ta wata doka ta musamman ta 2006 da ta ba ta damar ƙirƙiro wasu haraji, da ita ta fara karɓar harajin canja suna a 2008, kuma har yau ita kaɗai ce a Ontariyo ke da shi. Na baƙin reshe ne a jikin wancan.

Dalilin kawo shi biyu ne kuma ba a ɓoye ba. Ɗaya a rage masu saye don ajiya, ɗaya kuma kuɗi. A 2023, shekarar da Olivia Chow ta zama magajiyar gari, lissafin birnin ya nuna giɓin kusan dala biliyan 46 da rabi cikin shekara goma masu zuwa, ga doka ta hana birni rufe kasafin ayyukansa na shekara da giɓi. Ƙara wa masu gida harajin shekara yana jawo fushin masu zaɓe, baƙo kuwa ba ya jefa ƙuri'a.

Shin harajin ya sa gidaje sun yi sauƙi?

Nan kowa da abin da yake faɗa, ga nawa ganin. Lokacin da Ontariyo ta kawo kashi 15 a Afrilun 2017 kasuwa ta yi sanyi nan take, matsakaicin farashi a yankin Toronto ya sauko daga wajen 920,000 a Afrilu zuwa wajen 730,000 a Agusta. Masu goyon baya da wannan suke kafa hujja. Amma ba a daɗe ba farashin ya sake miƙewa, da harajin da komai, har ya haura miliyan 1.3 a Fabrairun 2022. Abin da ya karya shi daga baya kuɗin ruwa ne, babban bankin ƙasar ya ɗaga shi daga kashi 0.25 a farkon 2022 zuwa kashi 5 a Yulin 2023, bashin gida ya yi tsada masu saye suka ja baya.

Sannan alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Kanada na 2017 sun nuna masu zama a waje kashi 3.4 na gidajen yankin Toronto suka mallaka, a Vancouver kashi 4.8, a kondo kason ya ɗan fi haka. Ba ƙaramin abu ba ne, kuma na yarda gidan da aka saya aka kulle a garin da mutane ke rasa wurin kwana zalunci ne da ya kamata a hana. Sai dai kashi uku ko huɗu ba su ne suka kai gida miliyan ba. Mutane sun ƙaru, gini bai bi su ba, shekaru da yawa bashi na da arha, 'yan ƙasa masu gida biyu da uku su ma suna saye. Harajin baƙi yana da daɗin sanarwa, gina gidaje kuwa yana buƙatar fili da izini da shekaru. Da ni ake tambaya, da sai in ce a bar shi a kan wanda ba ya zaune a ƙasar, a cire shi daga kan wanda ke aiki a nan yana biyan haraji zai kuma kwana a gidan.

Kanada ce kaɗai ke yin haka?

Ko kusa. British Columbia ce ma ta fara a Kanada, kashi 15 a yankin Vancouver a Agustan 2016, ta mai da shi 20 a 2018. Singafo ta fi kowa zafi, tun Afrilun 2023 baƙo kashi 60 yake biya. Ingila tun Afrilun 2021 tana ƙara kashi 2 ga wanda ba ya zaune a ƙasar, kuma ita kwanakin zamanka take ƙirgawa ba fasfo ba, wanda a ganina ya fi adalci. A Ostireliya jihohi ke karɓa, Victoria kashi 8, New South Wales kashi 9 daga 2025. Hong Kong kuwa baya ta ja, ta soke nata a Fabrairun 2024 da kasuwarta ta faɗi. Abin da ya bambanta Toronto shi ne yawancin waɗancan ƙasa ko jiha ke karɓa, ita kuwa birni ne ya ɗora nasa a kan na lardi.

Bayan na saya shikenan na huta?

Akwai harajin gida na shekara da kowa ke biya. Sannan Toronto na da harajin gidan da aka bari ba kowa, ya fara da kashi 1 na darajar gidan a 2022 ya koma kashi 3 daga 2024, yana hawa kan gidan da ya yi sama da wata shida a shekara babu mai zama. Kowane mai gida sai ya sanar da birni duk shekara cewa akwai mutum a ciki, in ka manta ana iya ɗauka fanko ne a turo maka takardar biya. In kuma kana waje ka ba da haya, ƙa'ida ita ce a riƙe kashi 25 na kuɗin hayar a tura wa hukumar haraji ta tarayya, haka ranar sayarwa ana riƙe wani babban kaso na kuɗin har sai hukumar ta ba da takardar wankewa.

To in jira PR ne ko in saya yanzu?

In takardarka ta kusa, jira. Hayar shekara ɗaya ko biyu tana da ciwo, na sani, amma ba ta kai ciwon kulle kashi 35 na kuɗin gida a wurin da ba ka da tabbacin ranar fitowarsa ba, kuma da PR a hannu banki ma ya fi sakin fuska, ga rangwamen mai sayen gidan farko da ya kai 4,000 a lardi da 4,475 a birni wanda sai ɗan ƙasa ko mai PR ake ba. In kana ganin za ka cancanci zaɓen OINP, bi wannan tukuna.

In kuma dole sai yanzu, je wurin lauyan gidaje kafin ka sa hannu a komai, ba bayan ba. Dillali aikinsa ciniki ya faɗa, ba shi zai amsa tambayar hukuma ba. Ka kai wa lauyan fasfo da takardar izininka da ta duk wanda sunansa zai hau gidan, ka ce ya rubuta maka jimillar abin da za ka kawo ranar rufewa da adireshin wannan gidan takamaimai, ya kuma duba ko an canza kaso ko wa'adi tunda dokokin nan sun sha canzawa daga 2017 zuwa yau. In ana iya sa ranar rufe cinikin ta faɗo bayan fitowar PR ɗinka, a sa, a kuma rubuta a cikin yarjejeniyar abin da zai faru da kafin alƙalaminka in takardar ta yi jinkiri.